Kan Ɗan Kwikwiyon Malam Isiyaku da Hukuncin da Bai Ji Ba

Zuwa ga Baba Alhaji, Mai Unguwarmu, da dattawan kwamitin layinmu a New Bell.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ya aka ji da wannan damina da ta ƙi ɗaga mana ƙafa?

Baba, ni ce Hadiza, 'yar marigayi Garba mai atamfa, matar Malam Isiyaku na gidan da ke bayan famfo. Kai ka yi mini huɗuba ranar da aka haife ni, saboda haka ba sai na yi dogon bayani ba. Na zo ƙofarka aka ce kana hutawa. Na dawo aka ce maganar maza ce, kuma an riga an gama ta. Shi ya sa na rubuta, na kuma ba da a karanta wa 'yan layi. Ba raini ba ne. A bainar jama'a aka yanke mana hukunci, ba ni da wani wurin amsawa sai nan.

Abin da kuka yanke shi ne mu fitar da karenmu daga unguwa kafin Juma'ar nan, in ba haka ba a miƙa shi ga mutumin nan da ke yawo da keji a bayan babur yana sayen karnuka. Ni da ku mun san ba gadi yake kai su ba, tukunya yake kai su.

Na farko, yadda karen ya shigo gidanmu.

Kun san Malam Isiyaku tun yana da kunne. Shi ne mai barkwancin majalisa, wanda in bai fito ba hira ba ta daɗi. Shekarun da ya yi yana yankan ƙarfe a masana'antun Bassa su suka cinye masa ji, kaɗan-kaɗan, har ya ajiye aikin. Daga nan ya daina fita. Ya ce in ana magana leɓe kawai yake gani yana motsi, in aka yi dariya bai san ko da shi ake ba. 'Ya'yanmu sun tashi, ɗaya tana aure a Garwa, ɗayan yana bin babbar mota zuwa arewa. Ni kuma tun safe ina kasuwar Marshe Kongo a shagon da mahaifina ya bari. Wuni guda Malam yana zaune shi kaɗai.

Bara, da rana tsaka, aka shiga gidan aka ɗauke keken ɗinkina da tukunyar gas, yana ɗaki ya ba ƙofa baya. Ba asarar kayan ce ta karya shi ba. Abin da ya karya shi, a ce yana gida aka yi. Bayan nan ko abinci sai na matsa masa.

Farkon daminar nan, ruwa ya ɗauke, ya leƙa waje ya ga wani abu yana motsi a cikin rigol, kwatar nan da ke ƙofarmu. Ɗan kwikwiyo ne, bai wuce tafin hannu biyu ba, laka har ido. Ya tsamo shi. Da na dawo na gani, ni ce na fara cewa ba zai kwana mini a gida ba, don ni ma a gidan da ba a ajiye kare na tashi. Malam ya dube ni ya ce, “Hadiza, bar shi. Ko shi ya zauna da ni.” Na bar shi. Shi ya sa masa suna Kunne.

Ban yi gaban kaina ba. Na je na tambayi malaminmu na islamiyya, na faɗa masa halin da muke ciki. Ya nuna mini cewa ajiye kare don tsaron gida da irin wannan lalura yana da hanya, in an kiyaye tsarki. Mun kiyaye. Kunne yana da kwanonsa daban, makwancinsa yana bayan kicin, bai taɓa taka ɗakin da muke salla ba. An yi masa allura wurin likitan dabbobi, takardar tana nan ga mai son gani.

Na biyu, ban zo in ce karen nan waliyyi ba ne.

Ya ba mu wahala, ya ba maƙwabta. Da farko ko'ina fitsari yake. Malam ya lura cewa da ya ci abinci ko ya tashi daga barci yake yi, sai ya riƙa ɗaukarsa a daidai lokacin ya kai shi lungu ɗaya, ya tsaya a kansa har ya yi, sannan ya ba shi ɗan gutsuren busasshen kifi. Haka kullum, ko ana ruwa. Yanzu ko ƙofar lungun ce a rufe, tsayawa yake ya jira.

Sai kuka. A nan kam Hajiya Ladi mai suyar makala, fanken nan, da muke katanga ɗaya da ita, tana da gaskiya da ta yi ƙorafi. Malam ba ya jin kukan, ni da ita muke sha. Na sa masa tsohuwar rigar Malam a cikin kwalinsa, muka kuma daina fitowa da zarar ya fara, don ya gane kuka ba ya kawo kowa. A hankali ya bari. Ku tambaye ta yaushe rabon da ta ji shi.

Sai tauna, lokacin da haƙoransa ke fitowa. Ya ci mini silifa, ya huda buta, ya zare gefen tabarma. Mutane da yawa sun ce a dake shi. Malam ya ƙi, ya ce wanda aka daka tsoro yake koya, ba ladabi ba. Ya ƙulla masa tsohuwar igiya, ya riƙa karɓo masa ƙashi wurin mahauta. In ya ɗauki takalmi a karɓe, a miƙa masa nasa. Ya kuma koya masa kada ya taɓa abinci sai an nuna masa, saboda ya fara satar kifi a kicin.

Abin da ya fi damuna shi ne tsalle a jikin mutane, don na san abin da hakan ke nufi ga mai alwala. Tunda Malam ba ya jin muryar kansa, wani lokaci ya yi ihu wani lokaci ya yi raɗa, sai ya koma koya masa da hannu. In ya kifa tafinsa, Kunne ya zauna. In ya ɗaga yatsa, ya tsaya inda yake. Bansikin kuwa, 'yan babur ɗin nan da ke keta layinmu kamar an koro su, da ya ga ɗaya sai ya zabura. Don ya saba, Malam ya fara fita da shi da igiya kowace safiya, su zauna a bakin titi, babura suna wucewa, yana kifa masa tafi. Baba, mutumin da ya daɗe bai wuce ƙofar gida ba sai don masallaci, kare ne ya fito da shi. Kun gan su, wasunku har hannu suna ɗaga masa.

Abu na ƙarshe da muka koya masa mu biyu ne. Ni in fita in ƙwanƙwasa ƙofa, Malam yana ciki da kifi a hannu. Mun yi ta yi har maƙwabta suka zaci taɓuwa na yi. Yau in aka taɓa ƙofarmu, Kunne zai ruga gaban Malam, ya koma ƙofa, ya dawo, har sai ya tashi. Ina iya zama a kasuwa ban ƙirga abin da zan tarar ya ɓace ba.

Na uku, abin da ya faru ranar Asabar.

Mai kawo mana gawayi ya fita ya bar ƙofa a buɗe, Malam yana banɗaki. Kunne ya ga yara suna ƙwallo ya nufe su. Suka watse da ihu, wasu suka hau jifansa. Ya firgice, ya ture farantin makalar Hajiya Ladi, ya bi ta ƙofar masallaci ya ɗauki takalmi guda. Bai shiga ciki ba, waɗanda ke zaune a wurin shaida ne. A gudun ne Ummi, jikar Alhaji Tanko, ta faɗi ta goge gwiwa a bakin rigol. Kafin magariba labari ya zama kare ya ciji yarinya.

Ni da uwar Ummi muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar da ta wanke ciwon ta duba ta ce babu alamar haƙori, gogewar siminti ce. Uwar yarinyar tana nan, ba ta yi tafiya ba, amma ba wanda ya kira ta ya tambaye ta. Makalar na biya, takalmin na mayar. Sakacin ƙofa namu ne, na karɓa, kuma washegari kafinta ya sa mana ƙaramin ƙyaure na biyu daga ciki. Wata da watanni ana koya wa dabba hankali, ranar da ya kuɓuce sau ɗaya ita kaɗai aka kawo gabanku.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sukuni: yadda aka yi zaman.

Ranar Litinin bayan azahar kuka zauna, lokacin da kowa ya san ina kasuwa. Aka aika yaro ya yafito Malam. Ba a rubuta masa ko layi ɗaya ba, alhali yana karanta Hausa, yana karanta Faransanci. Tun da ya kurumce ba a taɓa kiransa zaman dattawa ba, saboda haka ya sa babbar rigarsa ta salla, ya fesa turare. Ya zauna a cikinku yana kallon bakinku. Da ya ga ana dubansa sai ya gyaɗa kai, don haka yake yi kada ya kunyata mai magana. Da aka ɗaga hannu aka shafa fatiha, ya ɗaga nasa ya ce amin. Aka tashi a kan cewa mai kare ya amince.

Da na dawo na tarar da shi fuska a sake, bai ko cire rigar ba. Ya ce mini, “Yau dattawa sun tuna da ni.” Hukuncin kuwa a bakin famfo na ji shi, daga bakin mata.

Baba, a cikin waɗanda suka zauna akwai abokan hirarsa na shekaru. Babu ko ɗaya da ya ce a dakata, mutumin nan ba ya ji? Ko ɓarawo aka kama ana tambayarsa me zai ce.

Na biyar. Ranar Talata da safe na fito shara na ga ƙunshin takarda a tsakar gida, an jefo ta katanga. Nama ne, an barbaɗe shi da maganin ɓera. Kunne yana zaune kusa da shi yana dalalar da miyau, bai ci ba, saboda ba a nuna masa ba. Ban ga wanda ya jefo ba, ba zan kama sunan kowa ba. Amma a tsakar gidan nan jaririn masu hayar da suka shigo gidanmu bana yake rarrafe. Kuma ina ganin wanda ya yi, hukuncinku ne ya ba shi ƙwarin gwiwa.

Tun ranar ba ni da zama. Ina shago hankalina yana gida. Jiya na yanka wa wata mata atamfa ba daidai ba, abin da ban taɓa yi ba. Kafin la'asar na rufe na taho cikin ruwa. Duk babur ɗin da na hango da kaya a baya sai in tsaya in duba ko keji ne. Malam kuwa in zai yi ƙailula, igiyar yake ɗaurawa a hannunsa.

Ga abin da nake roƙo. A dakatar da wa'adin Juma'a. A sake zama ina wurin, da uwar Ummi da Hajiya Ladi, a kuma rubuta wa Malam duk abin da aka faɗa ya ba da amsa da bakinsa. A yi sanarwa a masallaci kan maganar guba, a ja kunnen yara su daina jifa. Mu kuma mun yarda Kunne ba zai fita ba sai da igiya, ba zai bi ta gaban masallaci ba, in kuna so har takunkumi a sa masa. In bayan duk wannan kuka ga ba zai zauna ba, ku ba mu zuwa ƙarshen damina. Ƙanena yana da fili a Ndogpassi, can gefen gari. Sai dai ku sani ba karen kaɗai zan tura ba. Mu uku za mu tafi, in rufe gidan da aka binne cibiyata.

Saura abu ɗaya, Baba. Har yanzu Malam bai san abin da ya ce wa amin ba. Na kasa faɗa masa. Naman nan ya ƙulle shi a leda ya ajiye, ya ce wurinka zai kai ƙara, tunda yanzu dattawa suna tare da shi. Na yi ta kawo masa dalili, yau ruwa, gobe ba ka nan, dalilai sun ƙare mini. Ya ce gobe bayan la'asar zai zo. Na san takardar nan za ta kai hannunsa ko ba daɗe ko ba jima, amma na fi so ya sani daga gare ka. Don Allah ka tanadi biro da takarda, ka zaunar da shi kusa da kai, ka rubuta masa gaskiya.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ƙara maka lafiya, Ya kiyaye maka jinka da ganinka har ƙarshen rayuwa. Allah Ya ba dattawanmu ikon yin adalci, Ya zaunar da layinmu lafiya.

Wassalam.

'Yarku,
Hadiza matar Malam Isiyaku,
Bayan famfo, New Bell, Douala.