Sawun Yatsun Papa Doss

Litinin, 2 ga Maris, 1998
Na kai wa Anti Lutie, ƙanwar babana, faten masara a gidan tsofaffi. Cokali biyu ta ci. Likita ya ce zuciyarta ta gaji, wata biyu ko uku suka rage mata. Ita ko a jikinta. Abu ɗaya take so: in sauko da banjon mahaifinta, Papa Doss, wato garayarsa irin ta Amurka, daga saman rufi, in kaɗa mata kiɗan da yake musu lokacin tsinkar ganyen taba. Ni ɗin da ban taɓa kaɗa banjo ba. Shekara sittin da uku, talatin daga ciki ina waƙa a coci. Mama ce ta jefa shi can da hannunta, ta ce da irinsa Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayonmu baƙar fata don ba'a. Na ce wa Anti in samo mata makaɗi, ta ce ta gaji da mutanen da ba ta sani ba.

Alhamis, 5 ga Maris
Na sauko da shi. Tsirkiya biyu suka rage, wuyan duk ramuka kamar ɓera ya yi ta gwagwiya.

Juma'a, 6 ga Maris
Na kai wa Mista Tillery mai gyaran kayan kiɗa a garin Durham, na ce ya sa tsirkiya, ya kankare wuyan ya yi sumul. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Wai banjon dā ba a jera masa ƙarafa a wuya, ramukan nan yatsun Papa Doss ne suka haƙa su cikin shekara arba'in. "Madam Pettiford, babu wanda ya ɗauki kiɗan kakanki a faifai. Ga faifan nan. In na kankare, kin binne shi sau biyu." Kunya ta kama ni har wuya. Ya kuma ce in daina yanke farcen tsakiya, da bayansa ake bugawa.

Lahadi, 15 ga Maris
Ina sa yatsu a ramukan, abin da ke fita babu kan gado. Tillery ya ce tsofaffin nan kowa da ɗaurin tsirkiyarsa, sai na gano na Papa Doss. Na rufe taga don kada Sista Ozella, maƙwabciyata, ta ji.

Talata, 24 ga Maris
Na tafi da shi gidan tsofaffi a cikin bargo. Anti ta ce fatar da ke kai ta kyanwar maƙwabta ce, shi ya sa take kuka a hannuna. Tana rera kiɗan da hanci, ina murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya. Muka zo kan gajeriyar tsirkiyar. "Ƙara, 'yar nan. Ƙara. Tsaya nan." Na sa yatsu a ramukan, sai ga waƙa. 

Laraba, 8 ga Afrilu
Na kaɗa mata shi daga farko har ƙarshe. Ƙafarta na motsi ƙarƙashin bargo. Wuri ɗaya ne yatsana ke zamewa kullum, inda ramin ya yi tsawo. Na ce ta yi haƙuri, zan gyara. Ta yi dariya har da tari. "Ki gyara me? Nan ne shi ma yake zamewa. Sake yi." Sau huɗu na yi. Na yi kuka a mota, amma na daɗi.

Lahadi, 19 ga Afrilu
Jiya muka binne Anti Lutie.

Litinin, 4 ga Mayu
Tillery ya kira, wai wani gidan tarihi na son banjon, za su sa shi a gilashi. Na ce zan yi tunani. Da ma zan mayar da shi saman rufi, gwiwata ce ba ta son tsani, shi ya sa yake jingine a kicin. Zafi ya fara, taga a buɗe take. Jiya a coci Sista Ozella ta kama hannuna, ta ce wannan farce fa, ko na zama shaho? Na ce abin yankan farcena ne ya ɓata.

Yana cikin durowa. Ɗazu ma na gan shi.