Jikana Ya Ƙwace Mini Gida, Ranka Ya Daɗe

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar da surukina Lawal yake wa aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, albishirinka: 'yata Binta ta sauka lafiya, an sami namiji, jikana na fari, an raɗa masa Abubakar. Har yau bakina bai rufu ba. Da hannuna nake wannan rubutu, don na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan furfura ta fito. In ka ga layi ya karkace, murna ce.

Sai dai ina da kuka, kuma a ƙofarka zan yi shi.

Na ɗaya. Shekara da shekaru Lawal yana yi wa shanu allura a kara, a matsayin ma'aikacin wucin gadi. Tun kafin damina aka tsayar da albashinsu shi da abokan aikinsa. Suka kai ƙara Katsina, alƙali ya ce a tabbatar da su a aiki, a biya su. Lauyanku ya ɗaukaka ƙara. Yanzu duk ranar zama sai Lawal ya ranci kuɗin mota ya je, ya dawo da sabuwar rana. Aiki kuwa ba a ce ya daina ba. Jiya ma wani bijimi ya yaga masa riga.

Na biyu. Binta ta zo gida wankan jego kamar yadda aka saba. An yi arba'in, an wuce, yaro har ya fara zama, ba a zo ɗaukarta ba, don babu abin ɗorawa a murhun mijinta. Itacen wanka ni na saya. Ragon da nake kiwo don layya, shi ya tafi suna.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Yaron nan ya ƙwace mini mata. Kakarsa ba ta da magana sai ta angonta. Da in na dawo gona da fura ake tarye ni, yanzu sai a nuna mini randa da baki. An hana ni kunna rediyo, ango yana barci. Ko tari zan yi, sai na fita zaure.

Na huɗu, nan babu wasa. Lawal yakan zo ya tsuguna a ƙofar gida, kansa a ƙasa. Da kunyar suruki ce, yanzu ta rashi ce, na kuma san bambancinsu. Nakan ƙirƙiri aike in bar gidan, don a samu a miƙo masa ɗansa.

Ranka ya daɗe, da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar nan har da ni a masu kabbara. An rufe gidajen giya, mun gode. Haƙƙin ma'aikaci fa, ba ya ciki?

Roƙona, ka sa a janye ɗaukaka ƙarar nan, a ba Lawal da abokan aikinsa takardar tabbatarwa, a biya su abin da suke bi. Na san ran da aka ɗauke yaron nan gidana zai yi tsit, kuma ni zan fi kowa shiga uku. Duk da haka a zo a ɗauke shi. A tsakar gidan ubansa nake so ya fara rarrafe.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka gama lafiya, Ya nuna maka naka jikokin.

Wassalam,
Malam Haruna Maigero, kakan Abubakar,
Daura.