Ruwan da Ya Bi ta Bayan Firji

Asabar

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da maman yara da yaran duka. Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai kamar yadda ka sani, ido kuma ya ƙara yin baya.

Na ga kiranka har sau bakwai. Ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba, don ina tsoron abin da bakina zai faɗa in na ji muryarka. Takarda tana ba ni damar in soke abin da bai dace ba. Wannan ce ta uku da na rubuta, biyun farko na yayyaga su.

Ka tuna ranar da ka kawo wa Inna firjin nan mai yin ƙanƙara da kansa. Na ce a kira mai gyaran famfo ya ja masa ruwa, shagonsa yana bakin titi. Ka yi dariya, ka ce aikin minti goma ne, ka riga ka kalla a waya. Ka kwanta ƙarƙashin wurin wanke-wanke da sifana, ka ɗaure wani ƙarfe mai allura a jikin bututu, ka yi ta murɗawa har ya huda shi. Ka ja siririn tiyo ta bayan kabad ɗin kwanuka zuwa bayan firjin. Da ka gama na sa hannu a mahaɗar, na ce maka da laima. Ka ce, "Yaya, gumi ne bututun yake yi. Ke dai kawo kofi." Ka tura firjin ya manne da bango, ka zauna jiran ƙanƙara kamar wanda ya gina masallaci.

Sati uku ke nan. Shekaranjiya na kira mai famfon, saboda ruwan da nake gogewa kowace safiya ya ƙi ƙarewa. Ya janye firjin, ya kwance notin da ka ɗaure, ya juya shi a tafin hannunsa, ya tambaye ni ina zoben ciki. Ya ce akwai wani ɗan zobe da ake sa wa bakin tiyon kafin a ɗaure, shi ke riƙe ruwan, kuma babu shi. Ya tambaye ni wa ya yi aikin. Na ce wani ne. Ban so ya san ɗan gidan ne ba.

Bangon da ke bayan firjin na katako ne, ka sani, kuma ka san ɗakin da ke bayansa. Ruwan ya bi ta ƙarƙashi ya shiga ɗakin Baba, ya kwanta ƙarƙashin akwatin da muke ajiye Alƙur'aninsa. Auta, Alƙur'anin da Baba ya rubuta da hannunsa ya jiƙe. Gafakar ta kumbura har igiyarta ta ƙi kwancewa, sai da na sa wuƙa.

Inna ba ta sani ba. Jiya Juma'a da ta ce a miƙo mata shi ta ɗora a cinya kamar kullum, Allah ya taimake ni baƙi suka shigo, maganar ta wuce. Juma'a mai zuwa babu baƙon da zai cece ni. Ka zo ka gaya mata da bakinka. Abin da nake nema ke nan, ban nemi komai bayansa ba.

Ka gaishe da maman yara. Allah ya shirye mu.

Yayarka

Litinin

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki da Inna.

Na karanta takardarki sau biyu a mota, har na kasa tuƙi. Wallahi abin ya dame ni, Baban nan nawa ne kamar yadda yake naki. Amma kin rubuta kamar na ɗauki bokiti na je na kwara da gangan. Firjin nan saboda wa na kawo shi? Ba Inna ce ke cewa ruwan gidan kamar an dafa shi ba? Ranar da ƙanƙarar farko ta faɗo ke ma kin yi dariya, na gan ki.

Zoben kuwa, e, na gan shi. Yana cikin leda, na ɗauka na ajiya ne. Har yanzu yana aljihun motata. Na yarda da wannan.

To ni ma bari in yi tambaya. Sati uku kina goge ruwa kowace safiya, wayarki ta lalace ne? Kira ɗaya da na zo na rufe. Sannan akwatin nan tun rasuwar Baba a saman kantar ɗakinsa yake. Wa ya sauke shi ƙasa? Ni dai ban taɓa shi ba. Kin iya lissafa laifin mutum dalla-dalla cikin muryarki mai sanyi, har ya ji gara a zage shi, amma naki sai ki tsallake.

Maganar Inna, ga shawarata, kuma kada ki yi min wa'azi kafin ki gama karantawa. Hawan jininta kin san shi. Ba ta gani, taɓawa kawai take yi. Zan sa a gyara gafakar, a sa wani Alƙur'ani mai nauyinsa a ciki, a ɗaure. Ta ɗora a cinya ta yi addu'arta hankali kwance. Wa aka cuta? Duk maganar Allah ce. Ki bar tsohuwa ta ƙarasa kwananta ba tare da wannan baƙin cikin ba.

Kuma don Allah ki ɗauki waya. Mun zama kamar mutanen da.

Naki,
Auta

Talata

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonka. Ina amsa gaisuwar yara.

Ni na sauke akwatin. Inna ta daina iya miƙa hannu sama, kuma tana so ta riƙa taɓa shi in ta shiga ɗakin ba sai ta kira ni ba. Ban sa masa komai a ƙarƙashi ba, ya kamata in sa. Wannan nawa ne.

Rashin kiranka ma nawa ne, amma ka san dalili. Bara da na ce maka makunnin fitilar da ka gyara yana tartsatsi, a gaban matarka na faɗa, ka yi wata huɗu ba ka taka gidan nan ba. Inna tana tambaya ina cewa aiki ne ya yi maka yawa. Sai na ce wannan karon gara in yi ta gugar ruwa da in sake jawo mata rashinka. Ka ga inda lallaɓa ka ya kai mu.

Ka ce ina tsallake laifina. To ga wanda ban rubuta ba, don hannuna ya ƙi. Ruwan da nake gogewa, a satin ƙarshe ya fara fitowa baƙi-baƙi. Na ɗauka dattin bayan firji ne. In goge da tsumma, in matse a bokiti, in kai banɗaki in zubar. Kwana biyar ina haka. Tawadar Baba ce, Auta. Ayoyin ne suke narkewa suna dawowa kicin ta ƙarƙashin katako, ni kuma ina kwashe su ina zubawa a masai. Ni da ban taɓa ɗaukar gafakar nan ba sai da alwala. Na san ban sani ba, na san Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, na karanta wannan tun kana goyo. Sanin bai sa na iya cin abinci ba.

Yanzu ina raba takardun ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, ina shimfiɗa su a kan zanin gado ƙarƙashin fanka. Na sama sun tsira. Daga wajen izu na arba'in zuwa ƙasa, wasu sun zama fari fat, sai jan wasali da ya rage a gefe. Akwai shafin da Baba ya yi kuskure ya gyara, ya rubuta ƙanana a gefe cewa ranar aka haife ka, hankalinsa ya rabu. Wannan ya tsira. Ban san me ya sa nake gaya maka ba.

Sai ga shawararka. Wato in ɗauki ƙarya in ɗaure a gafakar Baba, in ɗora wa uwata makauniya a cinya kowace Juma'a, ina tsaye ina kallo tana shafawa tana kiran sunansa. Ka ce wa aka cuta. Ka sake karanta tambayar nan da kanka. Ba hawan jinin Inna kake tsoro ba, tsayuwa a gabanta kake tsoro. Haka ka tura firjin ya manne da bango don kada a ga laima, yanzu kuma kana so ka tura wannan.

Ba zan yi ba. In ka aiko da wani littafi zan mayar maka. Ina jiranka kafin Juma'a.

Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Yayarka

Alhamis

Yaya,

Salam. Jiya da la'asar na zo. Na tsaya a bakin ƙofa na ji muryar Inna tana tambayarki me ya sa fankar ɗakin Baba take ta aiki, kika ce kina shanya abu ne. Na juya.

Maganar bokitin nan ta hana ni sukuni. Da kin bar ta a cikinki. Kin gaya min ne don in ɗauka tare da ke, to na ɗauka, kin huta?

Kin yi gaskiya, tsoro nake. Ke in kin yi laifi Inna faɗa take yi miki a wuce wurin. Ni shiru take yi min, kuma ba ki san yadda shirun nan yake ba. Ki ba ni sati ɗaya. Ko ki fara yi mata shimfiɗa, ke kin iya magana, ni in zo daga baya.

Auta

Juma'a

Auta,

Assalamu alaikum.

Bayan azahar ta ce a miƙo. Na durƙusa na gaya mata. Na faɗi akwatin da na sauke, da shirun da na yi, da bokitin. Na kai ta ɗakin, ta bi takardun da hannu har ta gaji, ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba. Na auna jininta, ya ɗan hau, ta sha magani.

Ta tambayi inda ruwan ya fito. Na buɗe baki, ta ɗaga hannu ta ce, "Naki kin faɗa. Wannan ba a bakinki zan ji ba."

Ta sa na kai mata kujera tsakar gida, ta fuskanci ƙofa. Na ce rana za ta dame ta, ta ce in bar ta. Har yanzu da nake rubutun nan tana wurin, kuma ta ce gobe ma a fitar mata da kujerar.

Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Amma ban sa sakata ba.

Yayarka