Ruwan Dutsen Niƙan Gidaje Goma Sha Huɗu

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Majalisar Dokokin Jiha,
ta hannun Magatakardan Majalisa.

Daga:
Ragib Kurtalić,
Sakataren Ƙauyen Studeni Do,
Bosniya da Harzegobina.

Litinin, 19 ga Mayu, 2025

Game da: Sashe na 14 na sabuwar Dokar Amfani da Ruwa, da wata takardar shaida da na sa wa hannu a watan Nuwamban bara

Mai Girma Shugaba,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka, ina neman izini in fara da kaina kafin in kai ga Majalisa. Mutanen ƙauyenmu ne suka ɗora mini rubuta wannan ƙorafi, domin shekara ashirin da biyu ke nan hatimin ƙauye yana hannuna. Sun ce in sa a layin farko cewa Majalisa ba ta taɓa sanar da mu za ta yi wannan doka ba. Hannuna ya ƙi rubuta haka. Majalisa ta sanar. Sanarwar tana cikin aljihun teburina tun ranar Talata, 12 ga Nuwamba, 2024, kuma in ban da ni babu wanda ya taɓa ganinta.

Matata Munevera ta rasu ranar Alhamis, 7 ga Nuwamba. Kwana biyar da yi mata sutura sanarwar ta iso, shafi uku, tana ba kowane ƙauye kwana talatin ya kawo ra'ayinsa. Allon sanarwarmu ɗaya ne, a bangon shago, kuma bai fi taga girma ba. A ranar akwai takardun rasuwa huɗu a kansa, uku masu koren gefe na Musulmi, ɗaya mai baƙin gefe ta Katolika, ta Munevera ce a tsakiya. A wurinmu ba a cire takardar mamaci, ba a kuma liƙa wani abu a kan sunansa, sai ya cika arba'in. Na tsaya gaban allon da ƙusoshi a tafin hannu, na jima, sannan na koma ofis na ce sai bayan arba'in. Ƙaramar takardar shaida da aka haɗo, wadda ke cewa an liƙa sanarwa a bainar jama'a, na buga mata hatimi, na sa hannu, na mayar a ranar. Arba'in ta cika 17 ga Disamba. Wa'adin Majalisa ya ƙare 12 ga Disamba.

Ban kawo wannan don ya zama uzuri ba. Akwai ƙofar shago. Akwai liman ranar Juma'a, akwai limamin coci ranar Lahadi, kowannensu da na miƙa masa zai karanta wa mutane. Ban yi ba, ban ma karanta abin da ya wuce shafin farko ba.

Ga ƙorafe-ƙorafen da nake gabatarwa:

1. A bayanan zaman Majalisa na ranar Alhamis, 27 ga Fabrairu, 2025, inda aka amince da dokar tare da wasu dokoki shida kafin hutun abincin rana, an rubuta cewa an sanar da Studeni Do kuma ba ta da ƙorafi. Wannan magana ba ta tsaya a kan komai ba sai sa hannuna, kuma sa hannun na ƙarya ne.

2. Sashe na 14 ya ce duk wani tsohon haƙƙin amfani da ruwa a yi masa rajista cikin kwana casa'in da sunan mai shi mutum ɗaya, in ba haka ba haƙƙin ya faɗi. Dutsen niƙanmu da ruwan ƙorama ke juyawa ba shi da mai shi mutum ɗaya, bai kuma taɓa yi ba. Gidaje goma sha huɗu ne, tara na Musulmi, biyar na Katolika, kowane gida da ranarsa cikin mako biyu. Rana ake gada, ba gini ba. Anto Brkan yana da rabin Laraba, ƙanwarsa tana da ɗaya rabin, haka mahaifinsu ya raba musu. Idan bazara ta shigo duk gidajen ke fitowa su yashe hanyar ruwa, su sassaƙe fuskar dutsen. A shekarun yaƙi, da gidajen nan biyar suka bar ƙauye, shekara huɗu dutsen yana tsayawa cak a ranakunsu, ba wanda ya zuba ko ƙwayar masara, alhali muna cikin yunwa. Ba a taɓa rubuta wannan tsari a takarda ba. Ina jin waɗanda suka tsara sashen ba su san da irinsa ba, kuma da sanarwar ta hau allo, da an sami wanda zai gaya musu.

3. Ranar Laraba, 2 ga Afrilu, bayan wani malamin makaranta ya ga dokar a jarida ya faɗa mana, ni da Anto Brkan muka tafi ofishin ruwa. Fom ɗin layi ɗaya ne da shi na sunan mai haƙƙi. Ma'aikaciyar ba ta wulaƙanta mu ba. Cewa ta yi, "Baba, ku zaɓi mutum ɗaya, sauran ku daidaita a gida." Anto ya ce mata, "'Yata, in na rubuta sunana a kan ranar wani, da wane ido zan shiga shago? Rubuta Ragib, shi ne ba ya gajiya da sa hannu, ko takardar ƙunshin sabulu kika miƙa masa sai ya buga mata hatimi." Ta yi dariya, shi ma ya yi. Ni ma na yi. Sau uku ƙauye ya zauna a kan wannan layi ɗaya, ba a sami wanda ya yarda a rubuta shi ba, ba a kuma sami wanda ya yarda a rubuta wani ba.

4. Wa'adin rajista zai ƙare ranar 8 ga Yuni, saura kwana ashirin. Wani kamfani ya riga ya nemi izinin zuba ƙoramar cikin bututu daga saman ƙauye don samar da wutar lantarki, kuma tun 28 ga Afrilu turakunsa na awo masu jan kai suna kafe a bakin ruwa. Ba na zargin kamfanin da komai, ƙofa ya gani a buɗe. Amma ranar da haƙƙinmu ya faɗi, ruwan zai bi bututu, dutsen zai tsaya a kowace rana ta goma sha huɗun nan.

Mai Girma Shugaba, tun Afrilu nake zama da mutanen ƙauye wurin shan gahawa suna tsine wa Majalisa, ina gyaɗa kai. Ba zan ce abin ya hana ni ci ko barci ba. Ina ci, ina barci, ina buɗe ofis a kan lokaci. Na lura dai na daina buɗe aljihun tebur na hagu, har na sayi wani alƙalami don kada in ɗauko na ciki.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Majalisa:

ta karɓi wannan takarda a matsayin shaidar cewa ba a liƙa sanarwa a Studeni Do ba, ta kuma soke takardar da na sa wa hannu. A iya fahimtata, ƙa'idar Majalisa da kanta ba ta ƙirga jin ra'ayin da ba a sanar wa jama'a ba, don haka ina roƙon a sake buɗe mana shi;

ta dakatar da wa'adin 8 ga Yuni a kan ƙoramarmu har a saurare mu;

ta gyara Sashe na 14 yadda za a iya rubuta haƙƙin da gidaje da yawa suka yi tarayya a kansa, kowane da ranarsa.

Na san buga hatimin hukuma a kan abin da bai faru ba laifi ne, na kuma san hukuncinsa ya wuce rasa muƙami. Ina roƙon duk abin da zai biyo baya ya tsaya a kaina. Gidajen nan ba su yi shiru ba, ba a tambaye su ba ne.

Abu na ƙarshe, don kada a ce na rubuta wannan a bayan idonsu. Yau Litinin ranar Inna Zejna ce, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ta fi kowa daɗewa da rana a dutsen. Da safen nan na same ta tana niƙa masararta. Na fara magana ba ta ji saboda ƙarar dutse, sai ta sauke katakon da ke tare ruwa, wurin ya yi tsit. Na gaya mata duka, a tsaye. Ta dube ni, hannunta duk gari.

Ta ce, "Wata shida, Ragib? Kana shan gahawarmu?"

Na ce, "Wata shida, Inna."

Ta ce, "Da kai ne ka mutu, da Munevera a kan sunanka za ta liƙa, ta dawo gida ta yi kukanta. Je ka gaya wa Anto da bakinka kafin ya ji a shago. Ka ɗaga mini katakon nan tukuna, rana tana tafiya, kuma tawa ce."

Na ɗaga mata. Daga gidan waya gidan Anto zan wuce.

Ina jiran abin da Majalisa za ta yanke, a kan ruwan da kuma a kaina. Ka huta lafiya, Allah Ya yi maka jagora a kan wannan kujera.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Ragib Kurtalić
Sakataren Ƙauyen Studeni Do