Ledar da ke ƙarƙashin gado

Innata,

Ya ƙarfin jikin? Ya Baba da Auta? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

A jami'ar nan muna binciken abin da zai sauƙaƙa wa masu ciwon daji irinki. Duk majinyacin da ya zo, sai ya juye mana magungunansa na gida a tebur, don wasu saiwoyin suna rage ƙarfin allurar asibiti. Na san taki ledar saiwoyin tana ƙarƙashin gado. Don Allah ki kai wa likita, ba zai yi faɗa ba.

Jiya na nuna wa ɗalibaina tausa a ƙafar wata tsohuwa. Taki nake son kamawa. Allah ya tashi kafaɗarki.

'Yarki mai koyarwa, Likitar Allo