Muryar Baba a Kwamfuta

Laraba, bayan Isha'i

Yau na karɓo tsohuwar kwamfutar Baba, Allah ya jiƙansa, daga wurin mai gyara a Tafo. A da, sai na dama koko na shanye kafin ta buɗe. Yanzu kafin in zauna ta tashi. Amma shiru! Karatun Alƙur'anin Baba da ke fitowa in ta buɗe, babu shi.

Na kira mai gyaran. Ya ce, "Hajiya, abubuwan da ke tashi tare da ita ne suka yi mata nauyi, na kashe su. Ba sauri kika ce ba?"

Haka na ce. To ina na san muryar mahaifina nauyi ce? Sau huɗu na sake kunna ta, ina jira.