Kitsen da Ba Mai Yankewa

Zuwa ga Baban Ladi,

Gaisuwa daga Madakiya. Na san ba za ka karanta ba. Ko kana da rai ma sai ka ce tabarau ya ɓace. To, ga kacici-kacici, tunda kai kaɗai ke haƙurin nawa: wane nama ne ya yi kitse ba a kiwata shi ba, ba kuma mai cin sa?

Kana tunani, ga labarin gida. Citta ta yi kyau bana. Jikarka Rifkatu na da ciki, haihuwa sai wajen Kirsimeti. Ni kuma ciwon suga da ya kai ka ya dawo ɗaukar saura.

Ladi ta kai ni asibiti a Kafanchan, aka shafa mini abu mai sanyi a ƙirji, aka nuna mini zuciyata a talabijin. Likita ta ce suga kan tara kitse a jikin zuciya, har ya kutsa cikin namanta, ta riƙa bugawa da ƙyar. Na tuna kai. Duk Kirsimeti in ka yanka akuya, ba kai ke ɓoye mini zuciyar ba? Ka zauna bayan rumbu da ƙaramar wuƙarka, ka yanke kitsen tas, ka gasa, ka miƙo mini kana hararar yara. Yanzu wa zai yanke nawa?

Likitar ta ba ni wata ƙwaya, wai tana fitar da suga ta fitsari, ƙila ta rage kitsen ma, amma ba ta yi alkawari ba. Kiyashi dai sun gode, kullum biki suke a bayan gida.

Ban gaya wa Ladi ba, da farko ban sha ba. Na ce me zan gyara zuciyar in yi da ita? Gidan shiru. Ina ba da labari, kujerarka ba ta dariya. Ban ma taɓa ce maka naman nan ya fi mini zanen Kirsimeti ba.

Sai Rifkatu ta kama hannuna ta ɗora a cikinta, ɗan ya harbe ni. Irin rashin kunyarka sak. Wa zai gaya masa yadda kakan uwarsa ya gudu wa tunkiya? Tun ranar nake shan ƙwayar kowace safiya.

Saboda haka ka ƙara jira, tsoho. Da can ma ni ke sa mu makara zuwa coci.

Sai na zo,
Taka, Maman Ladi

Af, amsar. Zuciyar matarka ce.